Mota Uku, Kowace da Direbanta

Ni dai har gobe ban yarda laifina ne ba. Duk macen da aka haifa da kunnen Hausa, ta ji abin da na ji ta bayan katangar madafa, abin da na yi shi za ta yi.

Muna zaune a Kokoro, cikin unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, a shekarun da aka rufe mu kamar kaji a akurki. Musulmi ba ya haye gadar Yakite ya shiga cikin Bangi sai in ya gaji da ransa. Rabin mutanen layinmu sun gudu tun farkon tashin hankalin, wasu Cadi, wasu Kamaru. A wancan gudun ne na ɗora 'yarmu guda ɗaya, Ummuhani, a bayan babbar mota, na damƙa ta a hannun yayata Hureira, tana da shekara huɗu. Suka sauka a Garwa-Bulai, garin da ke kan iyakar Kamaru. Ni na tsaya saboda mijina Yahuza ya rantse ba zai bar gidan da ubansa ya gina ba, na kuma ɗauka abin na 'yan makonni ne.

Aka shekara biyu. Ranar da na kira Hureira a waya na ji yarinyar tana ce mata "Mama", ni kuma da aka ba ta wayar ta yi shiru tana numfashi kawai, ranar na wuni ban sa komai a bakina ba. Tun daga nan ba ni da wata magana sai ta tafiya. Shi kuwa Yahuza duk sanda na ta da ita sai ya ce mini "yeke yeke" da Sango, yaren ƙasar, wato a bi a hankali, ya juya ya koma kan ƙarafansa.

Ƙarafan nan su ne kishin raina. Tun da aka ƙone shagonsa na kayan lantarki a kasuwa, ya kafa wani tebur a barandarmu, ya jera masa dogayen ƙarafa masu zare, ya rataye injin sassaƙar katako a sama. Har layukan da aljihun kabad ɗina ke tafiya a kai ya kwance ya sa a ciki, sai da na koma zuba zannuwana a kwando. Ya ce idan ya gama, injin zai riƙa sassaƙa katako da kansa, kwamfuta ce za ta gaya masa inda zai bi. Na ce, "To kai kuma aikin me za ka yi?" Ya ce, "Kallo." Ban ƙara tambayarsa komai a kan abin ba, shi ma bai ƙara gaya mini ba.

Wata rana da hantsi ina tuƙa gozo, tuwon rogonmu, a madafa, sai na ji yana waya a baranda, da Hausa. Yahuza ba ya Hausa sai dole, Sango ta cinye rabin tasa, sauran rabin kuma a karkace yake. Da Mahaman yake magana, abokinsa da ke kasuwanci a Duwala, wanda ba ya jin Sango. Na saki muciya na matso jikin katanga.

"Uku nake so, Mahaman," in ji shi. "Mota uku. A'a, ba masu gudun nan ba, ni ba sauri nake ba. Masu ƙarfi, waɗanda za su ja kaya ba su tsaya ba."

Na ƙara manna kunne a katanga.

"Kuma kowace da direbanta. Kar ka haɗa mini su wuri ɗaya. In direba ɗaya ya mutu, kar ya tsayar da sauran."

Na ce innalillahi a zuciyata. A hanyar Kamaru ta lokacin, direba ya mutu ba abin mamaki ba ne, 'yan bindiga suna cikin daji suna jira. Na ji tausayin direbobin, na kuma ji daɗi cewa mijina ya yi tunani har can.

Ya saurari Mahaman, sannan ya ce, "Nema sha bakwai? Kai, ya yi kaɗan. Akwai nauyi fa. Nema ashirin da uku."

Wato Mahaman ya ce a nemi mutum goma sha bakwai, shi kuma ya ce sai ashirin da uku. Haka na ji, haka kuma kowa zai ji. Gozon nan ya kama tukunya, ban ma san ya kama ba.

Bayan kwana kaɗan suka sake magana, ina shanya a tsakar gida. A wannan karon Yahuza a rikice yake, yana kai da komo yana sosa ƙeya.

"Wallahi kaina ya ɗaure. Wannan ya ce Mak-turwa, wancan ya ce Garbul. Sun ce Mak-turwa akwai komai, amma kafin ka shiga ka saba sai ka sha wahala. Garbul kuma da sauƙi, mutane da yawa shi suka zaɓa, in ka rasa hanya ba ka rasa mai nuna maka."

Mak-turwa ban san inda yake ba, na ba shi Cadi, sunan ya yi kama da nasu. Amma Garbul? Mutanen da suka mai da Kilomita Biyar "Senkilo" don ƙyuyar baki, me zai hana su mai da Garwa-Bulai Garbul? Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa yana bin gwiwar hannuna, ina roƙon Allah kada ya ce Cadi.

"Garbul ɗin dai," in ji Yahuza. "Shi ke nan, na yanke. Kuma ka tuna da maganar iyaka. Ina so in mota ta kai iyaka ta tsaya da kanta."

Na zauna a kan turmi na yi kuka, na share hawaye da zanen da na wanke.

Kada wani ya ce don me ban fito na tambaye shi ba. A wannan lokacin ba a faɗin maganar tafiya da ƙarfi, ko a cikin ɗaki, don ba ka san kunnen da zai kai wa masu tare hanya ba. Sannan namijin da ya rantse a gaban mutane ba zai tafi ba, in ya fara haɗiye rantsuwarsa, ba ka tsaya kana kallon maƙogwaronsa. Duk da haka na ɗan taɓa shi. Da na kawo masa abincin rana, na zauna kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Baban Ummu, na ji kana maganar mota."

Fuskarsa ta washe kamar yaron da aka ba sabuwar riga. "Kin ji? Ai na ɗauka abin ba ya gabanki."

"Ni? Shekara biyu ina jiran wannan rana."

Ya dube ni. "Shekara biyu? Ai ban yi shekara da farawa ba."

Wato ya daɗe yana shiri a ɓoye. Na ji kunyar duk zagin da na yi masa a zuci. Na ce, "Garbul ka zaɓa?"

"Garbul. Kin ga ya yi?"

"Allah ya yi maka albarka," na ce.

Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ce amin, yana kallona kamar wadda zazzaɓi ya kama.

"Ashirin da ukun fa, an samu?"

"Mahaman yana ta nema. Sha bakwai ne ko'ina, ashirin da uku da wuya."

"Ka bar mini wannan."

"Ke? A ina za ki samu?"

"Ka dai bar mini."

Ya yi dariya har ya ƙware. Na ba shi ruwa, na ce a raina zai ga aiki.

Na fara da Inna Tasalla, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a bakin layinmu, wadda ɗanta da jikokinta duk suna Kamaru. Na raɗa mata a kunne, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin la'asar mata huɗu sun shigo gidana aron gishiri, kowace tana fita sai ta matse mini hannu. Wata ta tambaye ni me mutum ashirin da uku za su yi da mota uku. Na ce, "Akwai nauyi, shi da bakinsa ya faɗa." Daga jin haka kowa ya ƙara ƙunshi. Wata ta kwance gadonta, wani dattijo ya cire ƙofar ɗakinsa. Inna Tasalla ta yanka kajinta duka ta soya su don guzuri, ta rabar da tukwanenta ga masu zama. Da adadin ya cika har sai da na mai da mutane baya, wata ta daina gaishe ni saboda haka.

Duk wannan Yahuza bai ga komai ba. Kansa yana ƙarƙashin tebur yana ɗaure ƙusa. Abin da kawai ya lura da shi, maza sun fara tsayar da shi a ƙofar masallaci suna sa masa albarka. Ya dawo ya ce mini, "Suwaiba, mutanen unguwar nan sun fi son ilimi yadda na zata."

Ranar da wayarsa ta yi ƙara da safe, ya yi tsalle ya ce, "Sun iso! Suna kasuwa, wajen Ja'afaru mai sauke kaya!" Ko takalmi bai sa daidai ba ya fita. Ni kuma na leƙa gidan maƙwabta na ce lokaci ya yi.

Kafin ya dawo tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Ƙunshin zannuwa, katifu a naɗe, buhunan garin rogo, keken ɗinki, ƙofar dattijon nan a jingine. Yara an yi musu wanka an sa musu riga a kan riga. Inna Tasalla tana zaune a kan ƙunshinta da kwanon kaji a cinya, tana jan carbi. Ba mai magana da ƙarfi, kowa ya kasa kunne ya ji rurin mota.

Ba mu ji ruri ba. Yahuza ne ya turo ƙofa, da kwali a hammata, irin wanda ake zuba sabulu. Ya tsaya cak ya dubi mutane, murmushin ya bar fuskarsa.

"Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, ɗan nan," in ji Inna Tasalla. "Ina motocin? A bakin titi ka bar su?"

"Motocin?" Ya dube ni, ya dube ta. "Ga su nan."

Ya durƙusa a tsakiyarmu ya yage kwalin. Ya fito da wani baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai fi dunƙulen hannu ba, da wayoyi suna reto a gindinsa. Ya ajiye a ƙasa. Ya fito da na biyu, ya fito da na uku.

Muka zuba wa ƙarafan ido. Shi kuma, Allah sarki, ya ɗauka bayani muke jira.

"Wannan ita za ta kai injin hagu da dama. Wannan gaba da baya. Wannan kuma sama da ƙasa. Ba sa gudu, taki-taki suke juyawa, shi ya sa ba sa ɓata zane."

"Direbobin fa?" wani ya tambaya daga baya, har yanzu da sauran fata a muryarsa.

Yahuza ya zaro wasu ƙananan abubuwa uku a leda, kowanne kamar kwalin ashana. "Ga su. Kowace da nata."

Na ji bakina yana cewa, "Ashirin da ukun fa?"

"Ai su ne waɗannan. Nema ashirin da uku, sunan girmansu ke nan. Nema sha bakwai ƙanana ne, ba za su ja injin ba."

"Garbul?"

Ya ɗaga wani shuɗin faifai da bai kai tafin hannu ba. "A nan ciki ake zuba shi. Shi ke karɓar zane daga kwamfuta ya gaya wa direbobi abin da za su yi. Mak-turwa ma haka yake, sai dai yana son tsohuwar kwamfuta babba, ni kuma…"

"Iyaka fa?"

Ya nuna mini wani ɗan makunni mai harshen ƙarfe. Ya danna shi da yatsa, ya yi ƙas. "In mota ta zo ƙarshen tebur ta taɓa wannan, sai ta tsaya, ta san inda gida yake."

Sai a lokacin ya sake duban katifun, da yaran da suka sha riguna, da ƙofar dattijo. Na ga abin yana shigarsa a hankali, bakinsa ya buɗe bai rufe ba.

Wani saurayi ya fashe da dariya, uwarsa ta kai masa duka. Wata mata ta fara zagi da Sango, wata ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Dattijon ya tafi wajen ƙofarsa ya dafa ta, ya tsaya a nan. Ni kunya ce ta fara kama ni, amma ba ta daɗe ba, fushi ya ture ta.

"Mota!" na ce. "Direba! Iyaka! Duk kalmomin duniya sun ƙare ne, sai waɗannan za ka sa wa tarkacenka? A garin da kowa ke kwana da ƙunshi a ƙarƙashin gado?"

"Haka ake kiransu, Suwaiba. Ni ban…"

"Yarinyar ta daina ce mini Mama! Ka sani? Hureira take kira Mama. In na kira waya shiru take yi, kamar mai karɓar haraji ce ke magana. Kai kana nan kana zaɓen Garbul!"

Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai yana juya ɗan makunnin a hannunsa. Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi.

"In mun tafi duka, ina za ta dawo?"

Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanda zan bi ba.

Inna Tasalla ce ta raba mu. Ta buɗe kwanon kajinta ta duba, ta rufe, ta ce, "Yahuza, zo nan. Kwalin nan naka, da ƙafarsa ya tako daga Kamaru?"

"A'a, Inna. Babbar motar kaya ce ta kawo shi, cikin ayarin da sojoji ke rakowa."

"In ta sauke kayan, a nan za ta yi aure?"

"Komawa za ta yi."

"To ni na riga na yanka kajina. Tashi ka kai ni wajen Ja'afarun nan."

Haka aka yi. Mota ɗaya ce ba uku ba, direbanta kuma mutum ne mai gemu da ciwon baya. Ya ce zai ɗauki wanda ya shirya idan ayarin ya tashi komawa. Wasu daga cikin mutanena jikinsu ya yi sanyi, suka kwance ƙunshi, dattijo ya mai da ƙofarsa. Ni ban kwance nawa ba. Yahuza ya ga ƙunshin a bakin gado, bai ce in kwance ba, bai kuma ce zai ɗaura nasa ba.

Kwanakin da suka rage ya yi su a baranda. Ya ɗaura motocin, ya ja wayoyi, ya jona da batirin da muke cajin waya. Wata rana na ji wani kuka kamar na sauro babba, na leƙo, sai ga injin yana tafiya shi kaɗai a kan tebur, ba mai riƙe da shi. Ya je ƙarshe ya yi ƙas, ya tsaya. Yahuza ya waigo yana neman wanda zai nuna wa, muka haɗa ido, na koma madafa.

Da safiyar tafiya shi ya ɗaukar mini ƙunshi har kasuwa. Da zan hau, ya zaro wani ɗan allon katako daga cikin rigarsa, da ƙurar sassaƙa a jikinsa har yanzu. An sassaƙa haruffa masu zurfi, sumul, amma na juya shi ta ko'ina na kasa karantawa.

"Sunanta ne," in ji shi. "Na juya wayar mota ɗaya, sai ya fito a baibai. Da akwai lokaci da na sake. Ki sa mata a madubi, zai fito daidai."

Na so in ce masa ko a nan ma sai da motarsa ta yi baya. Sai kawai na karɓa na sa a cikin zane.

Ba zan ba da labarin hanya ba. Mun dai isa, direbanmu bai mutu ba.

Hureira tana zaune a wani ɗaki na haya a bayan tasha. Na iske Ummuhani a ƙofa da rigar makaranta, ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun faɗi. Na durƙusa na buɗe hannuwa. Ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa manya, ta koma ta riƙe zanen Hureira. Na miƙa mata allon don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ta karɓa ta duba, ta ɗaga kai ta ce, "Mama, baƙuwar ta kawo mini katako."

Hureira ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Na zauna a bakin tabarma na ce wa yarinyar ta ɗauko madubi. Ta ɗauko wani ɗan ƙarami mai tsage. Na riƙe allon a gabansa, ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa, tana bin haruffan da yatsa a jikin gilashin, tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya musu.

"Sunana ne!" ta ce. "Wa ya rubuta?"

"Babanki."

"Yana ina?"

Na ce, "Yana gida."

Sai ta saki madubin, ta juya da gudu ta ɗaga labulen ɗakin Hureira, tana leƙa bayan ƙofa tana nemansa.